Gadon da Ba Ya Rabuwa

Idan mace ta rasu a ƙauyukan arewacin Kano, masu rabon gado ba su cika shan wahala a kan manyan abubuwa ba. Gona, in tana da ita, igiya ce ke raba ta. Awaki da tumaki ƙidaya ce. Gado da katifa da kwanukan jere kuwa, ana kiran wanda ya san kasuwa ya yi musu kuɗi, a haɗa jimla, a fitar da bashi da wasiyya, sannan kowa ya ɗauki abin da shari'a ta yanka masa. Inda aiki ke cijewa shi ne ƙasan akwati, wurin da ake tarar da abubuwan da dillali zai ɗaga, ya juya, ya ajiye ba tare da ya taya ko sisi ba: tsohon alabe, tandun kwalli da ya ƙafe, jakar hannu da mariƙinta ya tsinke. A lissafin kasuwa waɗannan ba dukiya ba ne. Duk da haka, sau da yawa a kansu ne 'yan'uwa biyu da suka sha nono ɗaya suke fara gaisawa a tsaitsaye.

Akwai wata malamar firamare mai ritaya a wani ƙauye tsakanin Ɗambatta da Makoɗa, wadda kowa ke kira Malama, har da sa'o'in mahaifiyarta. Tana cikin 'yan matan da guguwar shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ta kwasa zuwa kwalejin horon malamai, ta kuma yi shekara 35 tana riƙe da alli. A ɗakinta akwai wata tsohuwar fantimoti mai ɗauke da jakunkuna goma sha ɗaya, waɗanda ba ta sayi ko ɗaya daga cikinsu don ajiya ba. Ta kuma fara zane da fenti bayan ta haura shekara sittin. Abubuwan nan biyu suna da tushe ɗaya, kuma kafin a fahimce shi sai an fara da akuya.

Daga turke zuwa alabe

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya koma Jami'ar Bayero, ya fara nazarinta tun shekarun 1960, kuma abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara, ba hutu, ba ta kuma mutu ba. Amsar tana bayan gida, a turke. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki don kada su shiga shuka, ana yanko musu ciyawa. Da rani ana ba su harawa da ƙaiƙayi. Takin da suka tara shi ake lodawa a mangala, jaki ya kai gona. Yawancin waɗannan ƙananan dabbobi kuwa na mata ne. Akuya ita ce asusun matar ƙauye: tana haihuwa, tana ba gonar miji taki, ana sayar da ita ranar da aka kwantar da yaro a asibiti, in kuma an yanka ta don suna ko layya, fatarta ta kama hanyar majema.

Fatar jar akuya, wadda ake dangantawa da Sakkwato da Maraɗi, tana da laushi da ƙarfi a lokaci guda, kuma fuskarta sumul take. Ayarin raƙuma ya daɗe yana tsallaka Sahara da ita, Turawa kuma suka riƙa sayenta daga tashoshin Arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko, suna yi wa littattafansu masu tsada bango da ita. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu da jajayen fatun tumaki cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa, har zuwa Tarabulus.

Aikin jima ba ya son gaggawa. Majemi yana jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare ta, ya wanke, sannan ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. Sinadarin da ke cikin bagaruwa shi ke kama zaren fata ya hana ta ruɓa. Daga nan a shafa mata man gyaɗa, a murza, a buga, har ta yi laushi. Rini kuma nasa ilimin daban ne. Ja daga karan dafi yake fitowa, wani nau'in dawa da ake shukawa a gefen gona don jan kubensa kawai, a haɗa shi da kanwa. Baƙi, wanda dukawa ke kira kuloko, daga ƙarfen maƙera ake samun sa, domin da zarar ruwan ƙarfe ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai wurin ya yi baƙi ƙirin. Rawaya daga saiwa take, kore kuma daga garin tagulla.

Daga hannun majemi fata ke zuwa hannun baduku, kuma yawan sunayen da Hausa ke da su na jaka ya isa shaida a kan yadda sana'ar ta yi zurfi. Gafaka ta Alƙur'ani ce. Zabira ta wanzami ce, da aljihunanta na aska da ƙaho. Burgami na matafiyi ne, taiki na lodin jaki, salka ta ruwa, lalita ta ɗaurawa a ƙugu inda hannun ɓarawo ba ya kaiwa. Alabe kuwa na kuɗi ne, mai ɗakuna-ɗakuna, ana zura shi cikin kubensa a rataya a wuya. Kowace jaka an yi ta ne don aiki guda, kuma mai ganinta ya san sana'ar mai ita kafin su gaisa.

Abin da kasuwa ta ƙi

Tara kaya ba baƙon abu ba ne ga matan Hausa. Kakanni sun jera ƙorai, iyaye sun jera tasoshi da kwanukan samira tun daga ƙasa har rufin ɗaki, 'ya'ya kuma sun cika kabad da tangaran. Sai dai jere yana da fuska biyu. Ado ne da ake nuna wa 'yan ganin ɗaki, kuma ajiya ce da aka tanada don ranar da babu. Shi ya sa ɗakunan da suka fi ƙyalli ba su ne suka fi daɗewa ba. A farin 1973, da kuma annobar da ta cinye gyaɗa a 1975, gidaje da yawa a arewacin Kano sun ga jeren iyayensu mata ya fita kwano bayan kwano, ya dawo a matsayin mudun gero. Abin da ya tsira daga waɗannan shekaru shi ne abin da babu mai saya. Wannan ne dalilin da ya sa tsoffin kayan da ake tarar da su yau a ɗakunan tsofaffi yawanci ƙanana ne, sun sha hannu, ba su da farashi. Kasuwa ta tace dukiyar mata, ta kwashe mai ƙyalli, ta bar wanda rayuwa ta goge.

Jakunkunan Malama daga wannan ragowar suke. Akwai baƙar jaka mai maɓallin ƙarfe da ta zo cikin lefenta a 1980, lokacin da lefe ya riga ya tashi daga kwandon kaba ya bi ta kwalla da fantimoti yana shirin zama jerin akwatuna. Akwai jakar rataye ta wata gwaggonta, wadda ta je aikin Hajji da ita, har yanzu da ƙamshin turaren Makka a cikinta. Akwai lalitar wata maƙwabciya mai sayar da daddawa, wadda 'ya'yanta suka ce a zubar, Malama ta ce a ba ta. Akwai kuma jakunkuna biyu na zamani, na lefen 'yarta, waɗanda aka sayo a birni da tsada, 'yan China, masu sheƙi. Su ne mafi ƙuruciya a cikin fantimotin, kuma su ne suka fara mutuwa. Abin da ake gani kamar fata a jikinsu roba ce da aka shimfiɗa a kan ƙyalle. Zafi da laimar damina suna karya ta, sai ta riƙa saɓulewa tana zuba kamar ɓawon gyaɗa. Fatar da ta sha bagaruwa, in an kiyaye ta daga gara da fumfuna, takan binne mai ita, ta binne 'yarta. Abin takaici shi ne fatun awakin yankin har gobe suna da daraja: masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna sarrafa su, ana fita da su zuwa Italiya da Sifen, inda ake ɗinka jakunkunan da matar da ta yi kiwon akuyar ba za ta taɓa iya saye ba. Ita kuma a kawo mata roba a lefen 'yarta.

A wata duniyar, tsufan jaka kansa kuɗi ne. A watan Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da jakar farko da Hermès ya yi wa 'yar wasa Jane Birkin a kan kusan Yuro miliyan 8.6, a birnin Paris. Jakar ta goge, ta yi tabo, domin mai ita ta yi shekaru tana yawo da ita. Wanda ya saya ya biya kuɗin sanin wace ce ta riƙe ta, da yaushe, da kuma yadda ta bi hannu zuwa hannu, duk a rubuce. A ƙauyen Malama wannan sanin yana cikin kawunan tsofaffin mata ne, ba a takarda ba. Ranar da aka kai tsohuwa makwancinta, jakar da ta bari takan wayi gari ba ta da labari, kuma abin da ba shi da labari ba shi da mai kare shi daga shara.

Alaben da ya tafi Zariya

Abin da Malama ta fi so bai taɓa shiga fantimotinta ba. Wani jan alabe ne na kakarta ta wajen uwa, mace mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wadda kuma ita ce uwar adashin unguwarsu. Ɗakuna uku gare shi, kuma kakar ba ta taɓa yarda kuɗin wani ɗaki ya kwana a wani ba: ɗaya na adashi, amanar mutane; ɗaya na uwar kuɗi, wadda ba a ci; na ukun shi ne nata, wanda jikoki ke samun kwabo daga ciki. Matar da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba ta riƙe lissafi uku a fata guda har ƙarshen ranta, ba a taɓa jin ta da rikicin kuɗi ba. Da aka canza kuɗi zuwa naira a farkon 1973, ta bar sule ɗaya da kwabo biyu masu huji a ɗakin uwar kuɗi, ta ce kada alabe ya zauna da yunwa. Suna nan ciki har yau.

Bayan kaka, alaben ya zauna wurin Inna, mahaifiyar Malama. Malama ba ta taɓa roƙonsa ba, domin a ganinta babu buƙata: ita ce babba, ita ce mai ajiye irin waɗannan abubuwa, kowa ya sani. Sai bayan rasuwar Inna, ana zaune ana fito da kaya, aka ji cewa shekara biyu da suka wuce, tana cikin ƙoshin lafiya, ta ba autarsu alaben a gaban mata biyu, Auta kuma ta karɓa ta tafi da shi gidan mijinta a Zariya. A fiƙihun Malikiyya wannan magana ta ƙare: kyautar da aka yi da lafiya, wanda aka ba kuma ya karɓa ya riƙe, ta fita daga dukiyar mamaci, ba ta shiga gado. Da a ciwon ajali aka yi ta, da hukuncinta ya koma irin na wasiyya, wadda ba a yi wa magaji sai sauran magada sun yarda. Malama ta san wannan sarai. Sanin hukunci dai bai hana zuciya tambayar da ba ta da mai amsawa: me ya sa Inna ta tsallake ta?

Auta ta lura. Da za ta koma bayan sadakar bakwai, ta shiga ɗakin yayarta ta ajiye alaben a kan gado.

"Yaya, na zo da shi ne don ki gan shi. In kina so, ki riƙe."

"A'a, Auta. Inna ke ta ba. Ba zan warware abin da ta ƙulla ba."

"To ki bar shi wurinki zuwa Babbar Sallah. In na zo sai in tafi da shi."

Aro ne na wata huɗu, kuma Malama ta san zanen aro ba ya rufe katara. Ta fara da abin da kowa zai yi, ta sa jikanyarta ta ɗauki hotonsa da waya. Hotunan sun fito, amma a cikin ɗaki jan ya koma baƙi, a tsakar gida kuma rana ta wanke shi ya zama ruwan goro. Ta duba su sau biyu ba ta ƙara buɗewa ba. Wata safiya ta ɗauko fensir da ragowar littafin shirya darasi, ta ajiye alaben a kan faifai, ta shiga kwaikwayon siffarsa kamar yadda ta saba zana ƙwarya da tulu a allo don 'yan aji ɗaya.

Koyon kallo

Zanen farko bai yi kama da komai ba, na biyar kuma ya yi kama da kowane alabe a duniya. A nan ta gane inda matsalar take. Hannu yana zana abin da kai ya riga ya sani, wato murabba'i mai marfi da igiya, ido kuwa bai tsaya ya duba wannan alaben ba. Ta yi shekara hamsin da wani abu tana ganinsa, amma sai da fensir ya tilasta mata auna kowane gefe ta ga cewa kusurwar dama ta fi ta hagu gogewa, kuma marfin ya karkace zuwa gefe ɗaya. Kakar bahaguwa ce, da babban yatsan hagu take tura marfi. Malama ta manta da wannan tun tana yarinya, fatar ce ta tuna mata.

Jikanyar, wadda ke karatu a kwalejin ilimi ta Bichi, ita ta kawo mata fentin ruwa da burushi uku da takarda mai kauri daga birni, tana tsokanarta irin ta jika da kaka.

"Kishiya, yanzu kuma da 'yan nazare za ki yi gasa?"

"Gemu ba ya hana ilimi, yarinya. Miƙo ruwan nan."

Maganar mutane ba ta tsaya ga wasa ba. Wata ƙawarta ta ce ta ji ana cewa zane haramun ne, kuma bai dace mai shekarunta, wadda ya kamata ta riƙe carbi, ta ɓata lokaci a kansa ba. Malama ba ta yi gardama ba, ta aika a tambayo mata limamin garin, daga baya kuma ta je da kanta.

"Allah gafarta Malam, jaka nake zanawa, da faifai da ƙwarya."

"Malama, saɓanin malamai a kan surar mai rai yake. Abin da ba shi da rai, ba ki da laifi."

Amsar ta yi daidai da abin da aka ruwaito daga Ibn Abbas, wanda ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abubuwan da ba su da rai. A gaskiya ma ƙasar Hausa ba ta taɓa rabuwa da launi ba. Allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani zane ne, haka dagin da magina ke fitarwa a fuskar soro, da ƙwaryar da aka ƙona wa ado, da lallen amarya, da farar ƙasar da mata ke yarfawa a bangon ɗaki. Abin da yake sabo shi ne mace ta zauna ita kaɗai da takarda, ba biki ba, ba sayarwa ba, tana zana abu don kawai ta gan shi da kyau. Ko a makarantar Zariya, inda ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, babbar hujjarsu ita ce a ɗauki kayan aikin Turawa a yi aikin gida da su. Malama ba ta san da su ba, amma a tabarmarta abin da take yi ke nan.

Jan ne ya fi ba ta wuya. Jan da ke cikin kwalin fenti ja ɗaya ne, mai tsawa, alaben kuwa yana da ja wajen biyar: mai duhu inda gumi ya shiga, mai haske a ƙarƙashin marfi inda rana ba ta taɓa gani ba, mai ruwan ƙasa a gefuna. Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta naɗe shi a ɗankwali ta tafi kasuwar Ɗambatta, wurin wani tsohon baduku da yanzu yawancin aikinsa ɗinkin laya ne da gyaran takalman roba. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai hanci, ya daɗe yana juyawa.

"Malama, wannan karan dafi ne na gaske, ba garin kanti ba. Kin ga baƙin nan da ya tsattsage? Kuloko ne. Ƙarfe yana cin fata a hankali, shi ya sa baƙi ke riga ja mutuwa."

"Baba, ɗinkin fa? Na ga kamar ba iri ɗaya ba ne."

"Hannu uku ne. Wannan na mai yin sa ne, da tsirkiyar fata. Wannan gyara ne na wani baduku, ya iya amma yana sauri. Wannan kuwa, da zaren ɗinkin hula, ba baduku ba ne. Mace ce ta yi shi a ɗaki."

Malama ta san zaren. Inna ta yi shekaru tana ɗinkin hula. Wato akwai wani dare da alaben ya ɓarke, Inna ta zauna da allura ta rufe shi, ba ta gaya wa kowa ba. Tsohon ya ba ta ɗan karan dafi a takarda, ya gaya mata yadda za ta jiƙa shi da kanwa. Ya ce cikin 'ya'yansa maza huɗu babu wanda ya zauna a rumfar. Biyu suna birni suna sayar da kayan waya, kuma bai ga laifinsu ba, tunda alabe ɗaya yana cin kwana uku, wanda zai saya kuma yana kwatanta farashinsa da na roba.

Abin da takarda ke iya riƙewa

Zane ba ya maye gurbin abu. Ba shi da nauyi a tafin hannu, ba ya warin man gyaɗa da tsohuwar fata, sulen da ke ciki ba ya ƙara in an girgiza. Ruwan karan dafi ma a takarda ba ya zama kamar yadda yake zama a fata, yana kuma dusashewa in ya sha rana. Amma zane yana da abu biyu da alaben ba shi da su. Na farko, yana rabuwa. Gona in an raba ta ƙanƙancewa take yi, kuma duk wanda ya san yankin nan ya san yadda gadon kaka ɗaya ya zama 'yan filaye da ba sa ciyar da gida. Zane kuwa ana iya yin na biyu ba tare da na farko ya ragu ba. Na biyu, yana da baya, kuma bayan takarda wurin rubutu ne. Malama ta koma ga ɗabi'arta ta aji: a bayan kowane zane tana rubuta sunan mai jakar da na mahaifinta, garin da aka haife ta, sana'arta, abin da take sawa a ciki, da hannun da jakar ta bi kafin ta iso fantimoti. Wajen cike wannan ta gano cewa jakunkuna uku daga cikin goma sha ɗayan ba ta san farkon labarinsu ba, kuma mutum ɗaya ce ta rage a garin da za ta iya sani, tsohuwar da ta kusa casa'in. Ta je wurinta sau huɗu da goro. Labarin biyu ya samu, na ukun ya riga ya tafi.

Da Babbar Sallah Auta ta zo. Malama ta miƙa mata alaben a naɗe cikin farin ƙyallen auduga, ta ce kada ta sa shi a leda don laima na taruwa a ciki, kada ta ajiye shi a ƙasa, kada kuma ta yawaita shafa masa mai. Sannan ta ba ta zane ɗaya cikin biyu da suka fi kyau. Auta ta juya bayansa ta karanta, ta kai kan layin da ya ce ɗinki na uku na Inna ne, ta fito da alaben ta nemi wurin da yatsa. Shekara biyu yana hannunta ba ta gani ba. Tambayar me ya sa Inna ta zaɓi Auta ba ta sami amsa ba, kuma babu alamar za ta samu. Abin da ya canza shi ne yanzu ɗaya tana da abin, ɗaya tana da saninsa, kuma kowacce tana buƙatar 'yar'uwarta kafin gadon ya cika.

Labarin zanen ya bazu a unguwa ta hanyar da Malama ba ta shirya ba. Mata sun fara aiko mata da abubuwa a ƙunshe: tandu, mazarin kaɗi, ludayin da aka ɗaure da waya, wata gafaka da ba a san shekarunta ba. Ba sayarwa suke yi ba, ba kuma kyauta ba. So suke a zana, a rubuta, a mayar musu. Tana karɓar ɗaya a mako, domin ido ya fara gajiya da yamma, kuma sharaɗinta guda ne, wanda ba ta sassautawa ko ga wa: mai kawo abu ta zo da wadda ta fi kowa tsufa a gidansu, su zauna a tabarma, a fara da bayan takarda kafin a jiƙa burushi.